Ruwan da Ya Ƙi Kama Ƙafar Goggo Habibatu

Da ba don maganin murar da ya sa ta makara ba, da har yau Goggo Habibatu ba ta san komai ba. Ita mace ce mai alwalar asuba a cikin duhu, a bakin rariya, ba ta neman fitila. Ranar nan kuwa sai da gari ya waye tangaran a Tirwun ta farka. Ta fito da buta tana salati, ta kwance ledar da ta ɗaure ƙafafunta da ita, ta hau alwala a gurguje.

Ni'ima, matar ɗanta Hammajoda, tana gefe tana wanke-wanke. Sai ta tsaya da kwano a hannu.

"Goggo, sake zuba ruwan nan mu gani."

"Ki ga me? Yau kika fara ganin alwala?"

Ta dai zuba. Ruwan ya sauka a kan ƙafar, ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya, ya gangare ƙasa kamar an zuba shi a ganyen gwaza. Ƙafa tana nan a bushe tana ƙyalli.

"Malamarmu ta Islamiyya ta ce duk abin da ya hana ruwa taɓa fata, to alwala ba ta yi ba," in ji Ni'ima, murya ƙasa-ƙasa. "In kuwa alwala ba ta yi ba..."

Ba ta ƙarasa ba. Ba sai ta ƙarasa ba.

Man faso ne. Shekara da shekaru diddigen Goggo a tsattsage yake, har jini yake yi, har zare yake kamawa a tabarma. Tun ana cirar gyaɗa ta sayi wani mai a farar kwalba mai faɗin baki, a wani kemis da ke bakin kasuwar Wunti, kuma tun daga lokacin ba ta yi fashin shafa shi ba. Yanzu ga sanyi har ya fara ja da baya. Salloli nawa ke nan? Goggo ba ta yi boko ba, allo ma iyakarta surorin da take sallah da su. Amma abu ɗaya take taƙama da shi a duniya: tun da ta yi hankali ba ta san ta bar sallah ta wuce ta ba, ko a ruga, ko a hanya da ƙwaryar nono a ka. Yau kuma a ce wata kwalba ta cinye mata na wata da watanni?

Ta goge ƙafar da tsumma da sabulu har ta yi ja, ta yi sallarta, ta ƙulle kwalbar a bakin zane, ta yafa mayafi.

"Goggo, ki bari ya dawo daga gona ya kai ki," in ji Ni'ima.

"Mai gidanki ne ya shafa? Ni na shafa, ni zan je."

Mai kemis ɗin sunanta Paulina, wata doguwa mai tabarau, 'yar Yalwa. Tana ganin Goggo ta sauko daga Keke ta washe baki.

"Mama, sannu da zuwa! Har ya ƙare kuma?"

Goggo ta dangwarar da kwalbar a kan kantar shagon. "Me kika zuba a cikin abin nan?"

"Ƙafar ba ta warke ba ne?"

"Ta warke! Wa ya ce miki ba ta warke ba? Duba." Ta cire silifa ta ɗaga diddige, sumul kamar na jariri. "Ta warke, ta tafi da sallolina. Ruwa ba ya kama ta. Ki faɗa mini abin da ke ciki, ɗaya bayan ɗaya, kada ki yi mini Turanci."

Paulina ba ta gane zancen sallah ba, amma ta gane fuskar da ke gabanta. Ta gyara tabarau, ta juya kwalbar.

"To, na farko akwai basilin. Kin san shi ai. Aikinsa ya rufe fata, ya hana ruwan jiki fita, shi ya sa ba ta bushewa ta tsage. Daga ɗanyen man fetur ake tace shi."

"Fetur?"

"Ba fetur na mota ba, Mama. An tace shi tas."

"Fetur kika ba ni ina shafawa ina zama a gindin murhu? Da na kama da wuta fa?"

"Ba ya kamawa haka. Sai kuma giliserin. Shi kuma jawo ruwa yake yi, ya shigar da shi cikin fata, ta yi laushi."

Goggo ta ɗaga hannu. "Dakata. Wancan yana tare ruwa. Wannan yana jawo ruwa."

"E."

"A kwalba ɗaya."

"E, Mama."

"To wanne ya ci wani? Ruwan alwalata, jawo shi aka yi ko koro shi aka yi?"

Paulina ta ce ai ruwan da ake nufi ba na buta ba ne, wanda ke cikin fata ne da wanda ke cikin iska. Goggo ta dubi iskar shagon, ba ta ga ruwa ba. Ta dubi Paulina irin kallon da ake wa mai nonon da ya sha ruwa.

"Ci gaba."

"Akwai lanolin. Maiƙon gashin tumaki ne."

Nan Goggo ta ɗan sami wurin tsayawa, don tumaki dai ta san su ciki da waje. "Yankakkiya ce ko mushe?"

"Ba a yanka ta. Aski ake mata, a wanke gashin, a cire maiƙon."

"Aski. Tunkiya." Ta juya ga wani dattijo da ke jiran maganin hawan jini. "Malam, ka taɓa kai tunkiya wurin wanzami?"

"Tumakin Turai ne, Mama, masu gashi buzu-buzu," in ji Paulina. "Sai na ƙarshe, wanda shi ne ma ainihin mai aikin. Yuriya. Ita ke narkar da kaushi, ta sa matacciyar fata ta saki."

Wannan sunan Goggo ta san shi. Buhunsa biyu suna jingine a zaurensu.

"Yuriya wacce? Ta masara?"

"Asalinsu ɗaya, amma wannan an tsabtace ta don fata."

"Takin zamani."

"Ba taki ba ne, Mama. Abu ne da jikin mutum ma yake yi da kansa. Yana cikin fata, yana cikin gumi, har a fitsari akwai shi."

Wallahi da Paulina ta san abin da wannan kalma za ta jawo, da ta haɗiye ta. Goggo ta dafe kanta da hannu biyu.

"Innalillahi! Fitsari! Fitsarin wa?"

"Ba na kowa ba! A masana'anta ake yin ta, da iskar gas. Cewa na yi irinta ce..."

"Da ruwa ne kawai bai kama ba. Yanzu kuma najasa nake ɗauka in hau dadduma da ita! Ke 'yar nan, me na yi miki? Wa zai biya ni?"

Paulina ta jawo aljihun tebur za ta mayar mata da kuɗinta. Goggo ta ture hannun.

"Kuɗi na tambaye ki? Sallah ake maganar!"

"Mama, ni abin da ke cikin kwalba na sani. Zancen alwala, gaskiya sai ki tambayi malami."

A Ƙofar Wambai akwai Malam Fakhruddeen, wanda ya yi wa mijin Goggo sallar gawa, kuma tun daga nan duk abin da ya shige mata duhu wurinsa take kaiwa. Ta same shi a zaure bayan ɗalibai sun tashi, yana jan carbi. Ta durƙusa ta gaishe shi a taƙaice, ta ajiye kwalba a kan buzu, ta zazzage masa komai: fetur, tunkiya mai aski, taki, fitsari, da ruwa mai gudu.

Malam ya buɗe ya sunsuna. Ya juya rubutun, na boko ne, ya mayar.

"Goggo, hukuncin a fili yake. In abu yana da jiki, ya daskare a kan fata kamar kakin zuma, to shamaki ne, alwala ba ta yi ba. In kuwa maiƙo ne kawai da fata ta shanye, ba komai, ko da ruwa ya tsittsinke a kai. Haka in daga najasa aka yi shi, hukuncinsa daban, in ba daga ita ba, daban."

"To wanne ne nawa, Allah gafarta Malam?"

"Wannan kuma sai masu magani. Su suka san abin da suka haɗa."

Goggo ta zauna daɓas.

"Mai magani ta ce sai malami. Malami ya ce sai mai magani. Ni kuma in tsaya a tsakiya da ƙafa mai santsi? Ranar da aka tambaye ni a kabari, wa zan ce a je a tambaya a cikinku?"

"Ki yi haƙuri, Goggo..."

"Kada ka tashi daga nan."

Ta koma Wunti. Paulina ta ce ba za ta iya rufe shago da rana tsaka ba. Goggo ba ta yi musu ba. Ta sami benci a bakin ƙofa ta zauna, duk wanda ya doso sai ta yi masa sannu da zuwa, ta ce, "Shiga, takin zamani take sayarwa, na shafawa." Wata mai goyo ta juya. Wani mai babur ya tsaya yana dariya, ya kira abokinsa. Ba a jima ba Paulina ta ɗaura ɗankwali, ta ja ƙofa ta sa kwaɗo.

"Mama, kin fi ƙarfina. Mu je."

A zauren Malam, Paulina ta rusuna ta gaishe shi, ya nuna mata tabarma. Zancen yuriya aka fara. Ta rantse masa cewa babu fitsarin mutum ko na dabba a ciki, daga iskar gas ake haɗa ta a masana'anta, ta fito fara kamar gishiri.

"Gumi ma akwai gishiri a cikinsa," in ji Malam yana gyaɗa kai, "ba a kuma ce gishirin miya gumi ne ba. In dai haka ne, Goggo, babu najasa."

Goggo ba ta gamsu can-can ba. Iska ta zama taki, taki ya zama mai, mai ya warkar da faso. Amma tunda Malam ya faɗa, ta ajiye wannan a gefe.

Sai ya sa aka miƙo buta. Ya ce wa Paulina ta nuna masa yadda ake shafawa. Ta lakato kaɗan a kan yatsa, bai fi ƙwayar gyaɗa ba, ta ce ya murza a bayan hannunsa har ya ɓace. Ya murza. Ya zuba ruwa, ruwan ya ɗan tsittsinke, amma hannun ya jiƙe. Ya sa farce ya kankara, babu abin da ya fito.

"Alhamdu lillahi. Maiƙo ne kawai. Goggo, sallolinki suna nan lafiya."

Paulina ta sauke ajiyar zuciya. Goggo kuwa ta tsura wa hannun Malam ido, fuskarta ba ta saki ba.

"Wannan shi ne shafawar?"

"Shi ne, Mama."

"Wannan ɗan lakacen? Me zai yi wa faso? Ni ba haka nake yi ba."

Ta jawo kwalbar, ta miƙe ƙafar dama. Ta zurma yatsu huɗu ta kwaso, ta laɓta a diddige, ta bi tafin ƙafa, ta zagayo gefe-gefe har idon sawu, ta daidaita bakinsa da ɗan yatsa yadda layin zai fita tsaf, kauri guda ko'ina. Sannan ta zaro baƙar leda daga ƙugunta ta nuna yadda take naɗewa, ta ɗora safa.



"Mama," in ji Paulina a hankali, "wa ya ce ki yi haka?"

"Ke! Ba ke kika ce in shafa in zan kwanta, in sa safa, in kwana da shi ba?"

"Na ce ki shafa. Ban ce ki yi ƙunshi ba."

"Abin da ake sa wa ƙafa a ɗaure a kwana da shi, in ba ƙunshi ba mene ne? Tun ina budurwa haka ake sa lalle. Wa ya taɓa murza lalle har ya ɓace?"

Malam ya miƙa mata tsinken sakace ya ce ta kankara. Ta kankara. Man ya taso a dunƙule a bakin tsinken, fari, kamar kitse. Malam ya dube shi, ya sauke kai.

"Da asuba in kin kwance ledar, kina gogewa kafin alwala?"

"In goge magani?"

"To azahar fa?"

"Kafin azahar ai na yi shara, na yi wanka da soso da sabulun salo. Me zai rage?"

"To azahar da la'asar da magariba da lisha ba su da matsala. Asuba ce, Goggo. Wannan shamaki ne. Sai kin rama."

Ta san za a zo nan, amma ji daga bakinsa daban ne. Asuba. Wadda ta fi wahalar tashi, wadda take fita cikin sanyi kowa na barci.

"Guda nawa?"

"Yaushe kika fara?"

"Ana cirar gyaɗa."

"Ta fari ko ta ƙarshe?"

"Allah gafarta Malam, ni na rubuta ne? Gyaɗa dai ana cirarta."

"To ki kirdada. Ki yi ta ramawa, kullum abin da ya sawwaƙa, har zuciyarki ta natsu cewa kin cika. Kuma babu zunubi a kanki, tunda ba ki sani ba."

"Ba zunubi, amma akwai ramuwa. To laifin na wane ne? Don abu ba ya lalacewa haka kawai." Ta juya kan Paulina. "Ke. Kwalbar nan, in ana ɗan lakacen nan naki, wata nawa take yi?"

"Takan kai wata uku."

"Ni kuma kullum ina hanyar shagonki kamar mai miya da shi. Kina gani. Kina ce mini, 'Mama har ya ƙare kuma?' kina dariya. Ko sau ɗaya kin ce, Mama yaya kike shafa shi?"

Paulina ta cire tabarau ta goge. "Ban tambaya ba. Na ɗauka kuna da yawa a gida. Ya kamata in tambaya, Mama. Ki yafe ni."

"Yauwa. Malam ka ji da kunnenka. A raba biyu, ta ɗauki rabi."

"Mama, ni fa coci nake zuwa."

"Na sani! Sai ki koya, asuba ce, raka'a biyu ce!"

Malam ya rufe baki da gefen rawani, kafaɗarsa tana rawa. Da ya samu ya daidaita, ya ce ko da Paulina 'yar limami ce, babu mai yi wa wani sallah. Goggo ta ce to Ni'ima fa, da ta zauna gida ɗaya da ita wata da watanni ba ta duba ƙafarta ba sai yau? Ya ce ita ma haka. Masu haɗa man fa? Ya ce su ma. Goggo ta rasa inda za ta ajiye fushinta. Ta zo neman wanda zai ɗauki kaya, ga mai laifi har ta amsa, kayan kuma yana nan a kanta.

Sai wani tunani ya faɗo mata, ya fi na farko nauyi.

"Innata fa? Man shanu take shafawa tun daga goshi har tafin ƙafa, mu ma haka ta shafe mu. Ta rasu ba ta rama komai ba."

"Man shanu narkewa yake a jiki, Goggo. Ba ya daskarewa."

"Da sanyi yana daskarewa. Ni na kaɗa shi, na sani."

"A ƙwarya yake daskarewa, ba a jikin mai rai ba. Ki bar Inna ta huta, Allah ya jiƙanta."

Ta ce amin, amma ta ƙudurta za ta gwada da kanta in ta koma gida.

Daga masallacin unguwa aka kira azahar. Malam ya miƙe yana neman takalmi. Goggo ta dubi ƙafarta ta dama, fara fat da mai har idon sawu, ga lokacin sallah ya yi. Ta dubi Paulina. Sai ta miƙa mata ƙafar.

"Ke kika sayar. Ke za ki kankare."

Paulina ta naɗe hannun rigarta. Aka shigar da su cikin gida, matar Malam ta kawo ruwan ɗumi da sabulu da tsumma. Paulina ta tsuguna a bakin rariya, ta ɗora ƙafar tsohuwar a gwiwarta, ta bi ta lungu-lungu, har tsakanin yatsu, Goggo na daga sama tana ba da umarni.

"Nan ma. Ba ki ga nan ba? Da tabarau ɗinki da komai. Kuma daga yau duk matar da ta sayi abin nan, ki lakato ki nuna mata a hannunta. Ki ce mata ba lalle ba ne."

"Zan faɗa, Mama."

"Zan aiko a gwada ki."

Da aka gama, Goggo ta karɓi buta. Ta zuba a hankali, ta sunkuya har goshinta ya kusa taɓa gwiwa. Ruwan ya kwanta a kan fatar, ya bi ta, ya jiƙa ta. Ta sake zubawa don ta tabbata.

Ta yi alwala, ta ari dadduma, ta yi azahar. Da ta sallame ba ta tashi ba sai da ta miƙe ta kabbara asuba ta farko daga cikin waɗanda ba ta san adadinsu ba.

Ta fito ta tarar Malam ya dawo daga masallaci, yana tsaye a bakin zaure da kwalbar a hannu, yana tambayar Paulina ƙasa-ƙasa ko maza ma suna iya shafawa. Goggo ta kalli diddigensa, a tsattsage kamar ƙasar fadama da rani. Ta fizge kwalbarta ta ƙulle a bakin zane.

"Ka sayi taka. Kuma ƙwayar gyaɗa, ka ji dai."

Suka fito titi tare da Paulina suna jiran Keke. Goggo ta juya wani abu a ranta, sannan ta taɓo ta da gwiwar hannu.

"Ke, sake faɗa mini. Wanne ne mai jawo ruwan, tunkiyar ko takin?"